Kameliyar Baba Tsoho

Shekaranjiya aka yi ruwan farko na bana. Ina tsaye a kicin sai na ji indararo yana zuba cikin duron da maƙwabciyata ta ajiye, irin ƙarar nan ta duron da babu komai a cikinsa, mai ƙarfi da farko, sannan ta riƙa yin ƙasa-ƙasa yayin da ruwa yake hawa. Na tsaya da ludayi a hannu har miyata ta kusa kamawa. In dai a gidan kwano ka tashi, ka san ƙarar da nake nufi. Ga yawancin mutane ƙarar farin ciki ce. Ni kuwa kakana take tuna mini, da wani ɗan itace da ya shekara shida yana rainonsa, da kuma wani bawan Allah da na zalunta ina 'yar shekara goma sha ɗaya.

A Fagge na tashi, a gidan kakana na wajen uba. Baba Tsoho muke ce masa. Asalinsa mutumin Ilori ne, aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Kano yana saurayi, ya yi aure, ya gina gida, ya zauna har Hausa ta fi Yarabanci zama a bakinsa. Lokacin da na yi wayo ya riga ya yi ritaya. Mahaifina tela ne, da safe yake fita shago sai bayan magariba, don haka gidan da rana na Inna ne da mu yara da Baba Tsoho. Mutum ne dogo, marar yawan magana, ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ni ce babbar jikarsa mace, amarya yake ce mini, ni kuma in ce ba na auren mai furfura.

Yana da wani amini da suka yi aikin jirgi tare, Kirista ne daga wajen Zariya, gidansa a Sabon Gari. Baban Sabon Gari muke kiransa. Duk Asabar da hantsi yakan zo a kan tsohon kekensa, su zauna a ƙarƙashin mangwaron tsakar gida suna shan shayi suna lissafa tashoshin da suka kwana a cikinsu. Shi ne wata rana ya dawo daga Jos da wani ɗan tsiro a gwangwanin madara, da rabin buhu na jar ƙasa a bayan keke. Ya ce sunansa kameliya, can kan dutse inda ake sanyi yake yi, furensa kuma babu irinsa. Ya ce ya gwada biyu a gidansa duk sun mutu, wannan na ukun ya kawo wa Alhaji ne, don shi ne mai haƙuri a cikinsu.

Kowa ya ce ba zai rayu a Kano ba. Inna ma ta ce da zogale aka dasa a wurin da an ci miya. Baba Tsoho ya sa aka raba masa duro gida biyu, ya huda gindin rabin, ya zuba ƙasar Jos ya gauraya da ruɓaɓɓen ganye, ya ajiye shi a jikin katanga ta yamma, inda rana take taɓawa da sassafe kawai kafin inuwar mangwaro ta rufe.

Daga nan itacen nan ya zama kamar wani ɗan gida mai laulayi. Da bazara, lokacin da ƙasar tsakar gida ba ta takuwa da ƙafa, Baba Tsoho yakan jiƙa buhunan algarara ya rataya su kewaye da shi, ya sake jiƙa su bayan azahar. Ganyen shayin da aka gama dafawa ba a zubarwa a gidanmu, shanya shi ake yi a barbaɗa a gindin itacen. Yakan goge ganyayen ɗaya bayan ɗaya da tsumma mai laushi, su yi ta sheƙi kamar an shafa musu mai. Amma babbar dokarsa a kan ruwa take. Ruwan rijiyarmu zartsi ne, na famfo kuma ya ce akwai magani a ciki, dukansu biyu suna sa ganyen ya yi rawaya. Ruwan sama kaɗai itacen yake sha. Saboda haka da damina akwai duro huɗu da yake jerawa a ƙarƙashin indararo, in sun cika ya rufe su da faranti da dutse, ya riƙa ɗiba da moɗa har wata daminar. Ko alwala ba ya yi da ruwan nan.

Ruwan sha da na girki kuwa wani mutum ne yake kawo mana daga famfon unguwa. Mai ruwa muke ce masa. Tun kafin a haife ni yake shiga gidanmu, garwa biyu rataye a sanda a kan kafaɗarsa, safe da yamma. Dattijo ne baƙi, siriri, kafaɗarsa ta dama ta yi kanta saboda sanda, har rigarsa ta fi saurin yagewa ta nan. Ba ya shiga sai ya yi sallama sau uku. In ya juye ruwa a randa yakan tsaya nesa kaɗan da itacen, hannuwa a baya, ya ce, "Alhaji, yaya jikin furen?" kamar mai gaida marar lafiya. Baba Tsoho ya ce, "Da sauƙi." Kullum haka. Wani lokaci yakan zo mini da goriba ko aduwa a aljihu.

Shekara biyar itacen bai yi komai ba sai ganye. Ya kai ƙuguna, ya kai ƙirjina. A ta shida, bayan ɗaukewar ruwa, Baba Tsoho ya kira ni da sassafe ya nuna mini wasu 'yan ƙulle-ƙulle a kan rassan, kore, masu tauri, kowanne bai fi gyaɗa ba. Guda bakwai ne, na ƙirga da kaina. Ya ce fure ne yake tafe, in sanyi ya shigo sosai za su buɗe. Ran nan na ga haƙoran kakana gaba ɗaya. Ranar Asabar Baban Sabon Gari ya zo, ya cire tabarau ya sake sawa, ya durƙusa da ƙyar a gaban itacen yana cewa, "Alhaji, ka yi abin da ya gagare ni."

Ba a yi mako biyu ba aka aiko cewa ƙanin Baba Tsoho ya rasu a Ilori. Dole ya tafi, kuma da yake shi ne babban da ya rage, an san zai jima. Da safen da zai tafi tasha, jakarsa a hannu, ya tsaya ya danƙa mini moɗar. Ya ce moɗa uku da safe, biyu da yamma, daga duro, a gindi ba a kan ganye ba. Ya ce in itacen ya ji ƙishi ko ya sha abin da bai saba ba, zubar da ƙullin zai yi.

"Amarya, ke na bar wa," in ji shi. "Ba Innarki ba, ba kowa ba. Ke."

Kwanakin farko na riƙe amana. Har kafin in tafi makaranta nake tashi in ba shi ruwa, in dawo in leƙa ƙullin ko sun ƙara girma. Abin da ya ɓata ni ƙarami ne, har kunyar faɗarsa nake ji. Akwai wata ƙawata a ajinmu mai gashi mai laushi, ta ce mini sirrin shi ne ruwan sama, ruwan rijiya shi yake sa gashi ya yi tauri ya riƙa karyewa. Nawa gashin kuwa kullum kuka nake yi a wurin kitso. Wata ranar Juma'a Inna ta tafi barka, na buɗe duro na ɗebi bokiti ɗaya. Sabulu ya yi kumfa irin wadda ban taɓa gani ba, gashina ya kwanta, mai kitso har ta tambaye ni me na shafa.

Da na tsaya a bokiti ɗayan nan, da babu labarin da zan ba ka. Amma na gaya wa ƙawayena, suka riƙa biyo ni gida bayan Islamiyya, ni kuma ina jin daɗin zama mai abin da kowa yake so. Muka wanke kai, muka wanke fararen hijabai. A gefen itacen muke yi, don nan ne lungun da Inna ba ta hangowa daga ɗaki. Ruwan ɗauraya kuma, mai sabulu, sai in juye shi a gindin itacen, ina ce wa kaina ai ruwan sama ne, bai kamata ya tafi a banza ba. Wasu ranakun da na ga ƙasar da danshi ban ma ba shi na moɗa ba.

Ranar da na leƙa na ga duro ɗaya ya ƙare, na biyu ya wuce rabi, sai na mayar da farantin da sauri. Na san Baba Tsoho ya san ruwansa kamar yadda ya san yatsunsa. Sai na yi dabarar yara. Duk sa'ad da mai ruwa ya cika randa ya fita, in ɗebi bokiti in juye a duro. Kwana huɗu ina yi har suka koma yadda suke. Inna tana ta faɗan cewa ruwa ba ya albarka a gidan nan kwanan nan, mai ruwa ya ƙara sawu ɗaya a kan na kullum.

Ƙulli na farko ya faɗi ana saura kwana biyar Baba Tsoho ya dawo. Na tsince shi a kan ƙasa, ya yi ruwan ƙasa-ƙasa ta gefe. Na ɓare shi da farce. A ciki akwai 'yan ganyayen fure a nannaɗe, ja mai haske, masu laushi kamar fatar jariri. Ni kaɗai ce a gidanmu na taɓa ganin launin furen nan. Na tura shi cikin ramin kwata. Washegari biyu suka faɗi. Ranar da ya dawo saura ɗaya, shi ma ya sunkuya, bakin ganyayen kuma duk ya ƙone kamar an kara musu wuta.

Ko jakarsa bai kai ɗaki ba ya nufi wurin. Ya daɗe a tsaye. Ya taɓa ƙullin da ya rage, ya biyo hannunsa. Ya juyo ya dube ni.

"Kin ba shi ruwa?"

"Kullum, Baba."

"Daga duro?"

"Daga duro."

Ya ɗaga farantin, ya ɗebi ruwa a tafin hannu ya kurɓa, ya juya shi a baki ya tofar. Ya buɗe na biyu ya yi haka. Sannan ya ce, a hankali, "Wannan ruwan famfo ne."

A daidai lokacin mai ruwa ya yi sallama ta uku ya shigo da garwarsa. Ka tuna Baba Tsoho ya yi kwana biyu a jirgi, ya binne ƙaninsa, ya dawo ya tarar da wahalar shekara shida a ƙasa. Ba ina nema masa uzuri ba ne, ina so ka san ba halinsa ba ne. Ya tare mai ruwa a tsakar gida, ya ce wa ya ce ya zuba ruwa a duron nan. Ya ce don ya ƙara yawan sawu ya yi, ai Inna ta ce ruwa ba ya kwana a randa. Ya kira shi macuci, ya kira shi marar amana, da murya mai ƙarfi har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Mai ruwa ya sauke sandar a hankali. Ya ce, "Alhaji, wallahi ban taɓa duron nan ba. Na san na furen ne."

"To wa yake ɗaukar ruwan famfo a gidan nan in ba kai ba?"

Ina tsaye a bakin ƙofar ɗakin Inna, da sabon kitso a kaina. Taku biyar ne tsakanina da su. Mai ruwa ya dube ni sau ɗaya, ba kallon tuhuma ba, irin kallon da mutum yake yi wa wanda yake fatan zai shaide shi. Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin zanena. Ya juye ruwan da ya kawo a randa, bai bar shi a garwa ba, ya ɗauki sandarsa ya ce, "Allah Ya huci zuciyarka, Alhaji." Bai sake shiga gidanmu ba.

Baban Sabon Gari ya zo ranar Asabar, ya tona ƙasar da yatsa, ya ce a canja ta, itace ne, zai sake. Suka canja, suka yanke rassan da suka bushe. Amma rabin kyakkyawan ruwan ya riga ya ƙare, sauran duro biyun ba su kai damina ba. Itacen ya yi ta zubar da ganye, bazara na shigowa ya bushe ƙurmus. Baba Tsoho bai tumɓuke shi ba, Inna ce ta cire shi bayan watanni ta zuba albasa a wurin. A shekarar ne kuma Baban Sabon Gari ya tattara ya koma garinsu wurin 'ya'yansa, zaman Asabar ya mutu.

Abin da ya fi damuna ba itacen ba ne. Mai ruwa bai bar unguwar ba, yana kai wa wasu gidaje a layinmu. Nakan haɗu da shi a hanyar makaranta. In na hango shi sai in tsallaka ɗaya gefen, amma wani lokaci lungu ya matse mu. Sai ya tsaya, garwa tana lilo, ya ce, "'Yar Alhaji, za a makaranta? Yaya jikin furen?" Da gaske yake tambaya. Ran da na ce masa ya mutu, ya girgiza kai ya ce, "Ayya. Alhaji ya sha wahalarsa." Ya laluba aljihu ya ba ni goriba. Na karɓa. Na kai ta bayan makaranta na jefar, na yi kuka har aka kaɗa ƙararrawa.

Shekara huɗu na riƙe maganar. Bayan wani lokaci na daina ganinsa a layi, na ji sanyi a raina, Allah Ya yafe mini.

Ina 'yar sha biyar, cikin watan azumi, Baba Tsoho ya yi wata jinya ya tashi. Wata rana bayan la'asar ina yanke masa farce a ƙarƙashin mangwaro, ya ce ciwon nan ya sa ya zauna ya yi tunanin duk wanda ya taɓa ɓata masa, ya yafe wa kowa. Ya ce, "Har mai ruwan nan da ya kashe mini fure, na yafe masa duniya da lahira."

Rezar ta faɗi daga hannuna. Na iya jure a zagi mutumin, amma na kasa jure a yafe masa laifin da bai yi ba. Na faɗa masa komai, wankin kai, ƙawaye, sabulu, bokitin da na riƙa ɗiba daga randa. Ina magana ina kuka, ina jira ya mare ni, ko da yake bai taɓa dukan kowa ba.

Sannan ya ce, "Ɗauko mini hulata da takalmi."

Da azumi a bakinsa, yana dafe da kafaɗata, muka fita. Muka fara da famfon unguwa. 'Yan garuwan da ke wurin yara ne, ba su san shi ba. Suka ce mu gwada wajen tashar jirgi, tsofaffin can suke ɗiba. Muka bi Titin Ibrahim Taiwo yana tsayawa yana hutawa a jikin shaguna. A wajen tasha muka sami wasu dattawa uku a zaune a kan garwaninsu. Baba Tsoho ya gaishe su, ya ce yana neman wani ɗan'uwansu da ya daɗe yana kai ruwa Fagge.

Ɗayansu ya ce, "Yaya sunansa, Alhaji?"

Baba Tsoho ya buɗe baki, ya rufe. Ya dube ni. Ni ma ban sani ba.

"To mutumin wane gari ne?"

Wannan ma ba mu sani ba. Muka kwatanta shi, baƙi, siriri, mai kanta a kafaɗa. Suka yi murmushi, ɗaya ya janye wuyan rigarsa ya nuna mana tasa kantar. Daga baya wani ya ce kamar ya gane shi, in shi ne, ya tafi gida noma daminar bara waccan bai dawo ba, wasu sun ce ƙirji ne ya kama shi. Ya ce mu tambaya a bakin kasuwar Sabon Gari. Muka ƙarasa can, muka tambaya, babu wanda ya ƙara mana komai.

A hanyar dawowa ƙafarsa ta gaza, ya zauna a kan dakalin wani shago. Na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce, "Ke yarinya ce, kin ji tsoro. Na yafe miki furen. Amma alhakin mutumin nan ba nawa ba ne da zan yafe, mu biyu muka ɗauka." Ya goge fuska da hannun riga. "Shekara goma sha biyar yana shayar da iyalina, ban taɓa tambayar sunansa ba. Amma ranar da zan zage shi ban rasa sunan da zan kira shi ba."

Aka kira sallar magariba muna nan. Mai shagon ya miƙo mana ruwa a kofi muka sha.

Bai sake tayar da maganar ba har ya rasu bayan shekara biyu. Bai gaya wa Inna ba, bai gaya wa mahaifina ba. Sai dai duk wanda ya zo daga ƙauyukan arewa neman aiki ya tsaya a ƙofar gidanmu, sai ya kwatanta masa mutumin, ko Allah zai sa a dace. Ba a dace ba.

Yau gidan Fagge babu shi. Bayan rasuwar mahaifina aka sayar, wanda ya saya ya rushe ya yi shaguna hawa biyu, ana sayar da yadi a inda ɗakin Inna yake. Masu ruwa ma sun daina rataya garwa, kura suke turawa cike da jarkoki, yawancinsu ba sa wuce bakin ƙofa, ba ka san fuskar wanda ya kawo na jiya ba balle na shekaranjiya. Ni kuma na zama uwa, har na fara aurarwa. In wani abu ya fashe a gidana na tambayi yara wa ya yi, nakan ba su lokaci, don na san nauyin da ke kan harshen yaro a irin wannan tsayuwar. Kuma ba na yanke wa kowa hukunci ranar da raina yake ɓace.

Na girmi shekarun da mai ruwa yake da su a lokacin, ina jin. Ban san ko ya rasu a shekarar da ya tafi ba, ko ya rayu ya ga jikoki. Ban san ko ya gane ni ce ba, ya rufa mini asiri, ko kuwa har ya bar Kano yana mamakin abin da ya sami duron nan. Bayan kowace salla ina yi wa iyayena addu'a da sunayensu, da Baba Tsoho da sunansa. In na zo kansa sai in tsaya, don ba ni da abin da zan kira. Nakan ce, "Ya Allah, bawan nan naKa da ya shayar da mu, Kai Ka san sunansa. Ka isar masa cewa ni ce."